Ya ce kishi so ne, ni kuma ina jan aji: fim ne ya koya mana?

Tambaya: "Adda, barka da aiki. Ni budurwa ce a Marwa, shekarata 23, an sa ranar aurena bayan babbar salla. Wanda zan aura yana sona, ban musa ba. Amma sai ya karɓi wayata ya bincika, ya ce in goge wasu lambobi, in ya yi fushi kuma sai ya kwana uku bai kira ba. In na yi magana ya ce kishi so ne. Ni ma ba zan ɓoye ba, nakan ƙi ɗaga wayarsa da gangan don in ga ko zai damu, kuma wani lokaci abin yana min daɗi, ina jin kamar a fim muke. Goggona ta ce finafinai ne suka lalata mu. Gaskiya ne?"

Ƙanwata, Allah ya kai mu ranar lafiya. A duk saƙonki inda na fi tsayawa shi ne wurin da kika ce "kamar a fim muke", domin ba kowa ke yarda ya faɗi haka ba. Na karanta ilimin zamantakewa a Jami'ar Ngaundare, na kuma yi shekaru ina zaman sulhu tsakanin ma'aurata a nan Garwa. Rigingimun ba su daɗe suna ba ni mamaki ba, mutum yakan saba. Maganganun ne har yau nake jinjinawa. Magini daga unguwar Yelwa, ɗan kasuwa da ya zo daga Kuseri, malamin makaranta daga Gider, ba su san juna ba, amma kowa ya buɗe baki ya ce, "Ke tawa ce ni kaɗai, ba na haɗa abina da kowa," har da ɗan shirun nan da ake yi kafin a ƙarasa. Matan kuma su ce, "In da yana sona ai da ya biyo ni." Idan almajirai uku suka yi tuntuɓe iri ɗaya a aya ɗaya, to a gaban malami ɗaya suka ɗauki karatu.

Kafin mu rataya wa fim duka laifin, ki tambayi goggo yadda aka yi aurenta. Da wuya a ce an nemi jin ta bakinta. Guzurin da aka raka ta da shi ɗakin miji kalma ɗaya ce, mu mu ce haƙuri, maƙwabtanmu Fulani su ce munyal, kalmar da 'yar garinku Djaïli Amadou Amal ta gina littafi a kanta har ya ci babbar kyautar adabi da ɗaliban sakandaren Faransa ke zaɓa a 2020. Danniya a cikin aure ta girmi talabijin, ta girmi majigi. Fim a gida ya tarar da ita. Abin da ya yi shi ne ya yi mata wanka, ya shafa mata hoda, ya sa mata kiɗa, ya raɗa mata suna soyayya.

Me ya sa ya kama mu haka? A 1973 wasu masana biyu 'yan Amurka, John Gagnon da William Simon, suka yi bayanin cewa ba a haifar mutum da sanin yadda ake neman mace ko yadda ake karɓar namiji. Koya yake yi, kamar ɗan wasa da ke haddace rubutun da aka miƙa masa: wa ke fara magana, wa ke jira, me ake faɗa, me shiru yake nufi. To mu a ina muke haddace namu? Kin taɓa jin babanki ya yi wa innarki kalma mai taushi a gabanku? Ita ko sunansa ba ta kamawa, sai "malam" ko "shi". Kunya ta rufe wannan ɗakin, kuma ban ce laifi ba ne. Sai dai yaro zai kai shekara 20 wuri ɗaya tak ya taɓa ganin namiji da mace suna furta so da baki, a talabijin ko a waya. Makarantar da babu wata sai ita, ko me malaminta yake koyarwa za ta cika.

Mu nan arewacin Kamaru kuma indararo huɗu ke zuba a randa ɗaya. Ga finafinan Kano, da a da suke shigowa a kaset da faifai ta Mubi da Yola, yanzu kuwa ta YouTube da Arewa24 da masu tura fim a memori a bakin kasuwa. Ga Indiya-Hausa da yara suka haddace fassararsa. Ga dogayen wasannin Latin Amurka da Faransanci a Canal+. Na wajen Kuseri da Njamena ga na Turkiyya da Larabci. Kowanne da irin namijin da yake tallatawa, amma a na Kano zan daɗe, domin shi ne da harshenmu, da mayafinmu, da sallama da durƙusa wa surukai, ba wanda ke yi masa kallon baƙo balle ya yi hattara da shi.

A fim ɗin Hausa namiji ba ya taɓa mace. Bayan Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000 aka kafa hukumar tace finafinai a 2001, wannan ƙa'ida ta zama doka a sana'ar. Kin tuna yadda ƙungiyar masu shirya fim ta kori Rahama Sadau a 2016 saboda rungumar da aka gani a bidiyon wata waƙa. Ban ce a sassauta ba, tarbiyyarmu ke nan. Amma ki ɗauka ke ce darakta. An ba ki awa biyu ki gamsar da mai kallo cewa mutumin nan yana mutuwar son yarinyar nan, ba riƙe hannu, ba jingina, ba share hawaye in tana kuka. Da me za ki nuna? Kyamara ba ta ɗaukar zuciya, sai abin da ido ke gani. Dole a koma ga abin da ya rage: waƙa da rawa a lambu, makullin mota, sabuwar waya a kwali, kwanciya asibiti don ciwon so, sai babbansu, kishi. Ya hango ta tana gaisawa da wani, ido ya kaɗa ya yi ja, ya taka birki, ya daka tsawa, "Shiga mota!" Kiɗa ya tashi, ita kuma ta sunkuyar da kai tana murmushi a ɓoye. A wannan ɗan taƙin an gaya wa 'yan mata cewa tsawa shaidar so ce, an gaya wa samari cewa wanda bai iya tsawa ba bai iya so ba. Taushin da aka hana a nuna, iko ne ya zauna a kujerarsa. Tausayi, sauraro, zama kusa da mutum shiru ranar da ransa ya ɓaci, tuna cewa ba ta son yaji a miya, waɗannan ba su da armashi a kyamara, saboda haka ba sa cikin darasin. Ba mugunta ce ta sa 'yan fim yin haka ba, ƙuncin hanya ne. Amma mai kallo bai san da wannan ba, shi dai ya ga so, ya ga kamanninsa.

Daga nan aka haifi gwarzon zamani, miskili. Mai kuɗi, magana da tsada, fuska ba annuri, ma'aikata na rawar jiki in ya shigo. Ya wulaƙanta yarinya a kashi na ɗaya, ya yi mata kuka a kashi na arba'in. Littattafan soyayya da ake karantawa a waya sun ƙara masa tsawo da turare har mata suka sa masa suna "mijin nobel". Abin da ake raɗa wa mai kallo a kunne shi ne ki jure, zai narke. Kin ga munyal ɗin goggo ya fita ta ƙofa ya dawo ta taga, sanye da shadda mai maiƙo. Shirun kwana ukun da naki yake yi daga wannan allon aka kwafo shi. Sai dai miskilin fim marubuci ya riga ya sa masa ranar narkewa, na gida kuwa ba wanda ya sa masa.

Na Indiya, waɗanda 'yan kasuwar Lebanon masu gidajen sinima suka fara kawowa ƙasar Hausa tun wajen shekarun 1950, darasinsu naci ne. Ta ce a'a, ya bi ta makaranta, ya bi ta kasuwa, ya tsaya ƙofar gidansu ana tafka ruwa, a ƙarshe ta gane ashe tana sonsa. Wato "a'a" ta mace tayin farko ne, ciniki bai faɗa ba tukuna. Wata mai bincike a Jami'ar Michigan, Julia Lippman, ta gwada wannan a 2015, ta ga matan da aka nuna wa fim mai kambama irin wannan naci sun fi yi wa namiji mai bibiyar mace uzuri, musamman waɗanda suka ɗauki abin da suka kalla a matsayin yadda duniya take da gaske. A shekarar ce kuma aka gurfanar da wani ɗan Indiya a Ostireliya kan bibiyar mata biyu, lauyansa ya kafa hujja da cewa finafinan ƙasarsu ne suka koya masa mace takan sauko in aka nace, alƙali ya dubi hakan ya sassauta masa. Ki riƙe wancan sharaɗin na binciken. Kallo kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da yarda.

Yanzu in juyo kanki, kada a ce Adda ta ɗaure wa mata gindi. Jan ajin da kike yi da shirun da yake yi igiya ɗaya ce, kowa ya kama bakinsa yana ja. Wani masani, Willard Waller, ya faɗa tun 1938 cewa tsakanin masoya biyu, wanda ya fi nuna bai damu ba shi ke riƙe da linzami. Kakanninmu sun san haka ba tare da sun karanta shi ba: budurwa kan bar saurayi a ƙofar gida sauro na cinsa, ta aiko ƙanwa ta ce "wai tana zuwa". Amma wancan yana da iyaka, kowa ya san ba zai wuce ɗan lokaci ba za ta fito da tabarma. Fim ya mayar da shi jarrabawar da ba ranar fitar sakamako: in ƙi ɗagawa in ga sau nawa zai kira, in yi fushin ƙarya in ga me zai zo da shi. Shi ma fa yana lissafi. Na sha jin ango da bakinsa yana cewa, "Ai ta gasa ni a waje, yanzu lokacina ne." A lokacin zance sarauta a hannunki take, shi ke zuwa, shi ke jira, shi ke toshi, shi ke haɗa lefe. Ranar da aka shafa fatiha aka raba goro, sarautar ta naɗe tabarma ta koma ɗaya gefen, ga al'ada, ga dangi, ga aljihu. In kun saba cewa so kokawa ce ta wa zai fara sunkuyawa, ki duba wa zai kayar da wani nan da wata shida, lokacin da kike cikin gidansa, wataƙila ma a Garwa ko Ngaundare, nesa da innarki.

Fim yana da almakashi. Ya mare ta, a yanke, sai ga shi da fure da ban haƙuri, ba a nuna daren da ta kwana kunne na ƙugi ba. Ta yi yaji, a yanke, ga jerin motoci sun zo biko, ba a nuna mako uku a ɗakin inna tana shan habaicin matan yayye ba. Inda iko na gaske yake kwana kuwa ba a leƙa shi sam, don ba shi da daɗin kallo. Wa ke riƙe kuɗin cefane? Kina da sana'a ko albashi, kuma kuɗin a wayarki yake sauka ko a tasa? Gidan haya ne, nasa ne, ko cikin gidansu za a ajiye ki da uwar miji? A nan Kamaru dokar rajistar aure ta watan Yunin 1981 ta ce in za a yi takardar aure a ofishin magajin gari sai an rubuta ko na mace ɗaya ne ko na fiye da ɗaya, kuma dokar ta ba miji damar ƙin amincewa da aikin matarsa in ya ce don maslahar gida da 'ya'ya ne. Na ga amaren da suka shafe wata biyu suna gardamar kalar anko, ba su san me aka rubuta a wannan layin ba sai ranar da maganar kishiya ta taso. Da yawa ma ba su da takardar, aure ya tsaya a masallaci, sai an zo rabon gado ko rikicin riƙon 'ya'ya a fara nemanta.

Kada in ci haƙƙin 'yan fim. Tun farkon finafinan bidiyo na Kano a 1990, auren dole yana cikin jigogin da suka fi nanatawa, kuma yawanci bayan yarinya suke tsayawa. 'Yan mata da dama a nan suka fara jin cewa ana iya ce wa baffa "ba na sonsa" cikin ladabi, samari kuma suka ga namiji yana ba da haƙuri rawaninsa bai faɗi ba.

Abin da ya fi canzawa a ganina shi ne yadda ake kallon. Gidajen sinima uku da suka rage a Kamaru a lokacin, a Yawunde da Duwala da Bafusam, an rufe su a farkon 2009, namu na arewa sun riga su kwanta dama. Kallo ya koma tsakar gida, talabijin ɗaya, tabarma biyu, mutum goma sha biyar. A kan tabarmar nan akwai masu sharhi. Jarumi na daka tsawa, wata tsohuwa za ta ja tsaki ta ce, "Wannan ko kyauta aka ba ni ba na so, dubi idonsa kamar na mujiya." A kwashe da dariya, dafin ya ragu. Yanzu kowace tana cikin gidan sauro da iyafis a kunne, ƙarfe ɗaya na dare, daga ita sai miskili, ba mai tsaki.

Sai batun daɗin da kika ce kina ji. Kada ki ji kunyarsa. Wasan ɗaukar wani matsayi tsakanin mutum biyu ba baƙo ba ne a wurinmu. Kaka tana kiran jikanta "mijina", ta yi kishi da amaryarsa, har ta ce sai an ba ta nata turmin zanen. Taubasai su yi ta tsiya ranar salla a rabu da dariya. Bafulatani da Babarbare a kasuwar Marwa kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa, su ƙare a gaban mai shayi ɗaya. Ya kuma zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha ta tsere masa, bayan wani zamani suka sake ya tsere mata, ya ce wannan ramuwar waccan ce. Ki lura da su duka. Kowa ya san wasa ne, yau kai gobe ni, in ran ɗaya ya ɓaci kuma wasa ya tashi. Na san wani direban babbar mota da matarsa mai ɗinki. In ya dawo daga tafiyar Njamena, yini guda cur ita ce Hajiya, shi ne yaron gida, ya kawo mata ruwa yana "ranki ya daɗe", 'ya'ya na birgima don dariya. Daga fim suka ɗauko, da bakinsu suka gaya min, kuma ban taɓa ganinsu a gabana don rigima ba, ɗinki nake kai mata. Shagwaɓa, sunayen gata, sheri ko habibi ko Yayana, fushin ƙarya na minti biyar don a lallashe ki, duk gishirin zama ne.

A wurin ɗaukar fim akwai mai cewa "a tsaya", kowa ya ajiye fuskar aro, wanda ya yi tsawar ya je su ci abinci da wadda ya yi wa. Tambayar da nake yi wa duk wadda ta zauna gabana ita ce, a naku wasan kina iya cewa a tsaya? In kin ce, yana tsayawa? Binciken waya ya faɗi tun a nan, domin ba ya juyawa. Ki gwada miƙa hannu ki ce ba ni taka, ki ga. Kuma ba ya tsayawa inda ya fara, yau lambar ɗan ajinku, gobe ta ƙawa, jibi ta ɗan kawu, wata rana ki duba wayar ki ga daga shi sai mai cika miki kati. Allah ya hana bin diddigin asirin juna a aya ta 12 ta Suratul Hujurat, bai ce ban da masoya ba. Kishi halitta ce, kowa yana da shi, har mu masu ba da shawara. Abin da mutum ya aikata da kishinsa kuwa shi ya zaɓa.

Kafin babbar salla ki fara ajiye naki makamin. Mako biyu in ya kira ki ɗaga, in ba hali ki ce ba hali. Sannan wata rana da yamma a zaure, baki da baki, ba kuka, ba muryar fim, ki ce masa, "Yaya, in na yi maka laifi ka faɗa min a ranar, shirun kwana uku yana cutar da ni. Wayata kuma in kana zargin wani abu ka tambaye ni, amma ba na son a bincika." Sai ki yi shiru ki zuba ido. Yawancin samarin da na gani a wannan gaɓa sukan ji kunya, wani har ya sosa ƙeya ya ce shi ya zaci haka kuke so. Wannan rigar aro ya sa, za ta fita. Wani kuma zai ƙara ɗaure fuska, ya ce tun yanzu kin fara raini, kwanakin shiru su tashi daga uku su koma bakwai, ko ya kai ga barazana ko ɗaga hannu. In haka ta faru ki daina neman fim ɗin da ya koya masa, halinsa kike gani, kuma maganar ta wuce ku biyu. Ki sanar da kawu ko baffan da ya karɓi kuɗin sa rana, a zauna tun lefe bai shigo gida ba. Ko da ma komai ya tafi lafiya, ki nemi a yi wannan zaman, a yi maganar aikinki, da zuwa ganin gida, da abin da za a rubuta a takardar magajin gari, a gaban manyan ɓangarorin biyu.

Goggo kuma kada ki yi mata gardama. Ki ɗauki wayar ki je ɗakinta bayan isha'i, ki cire iyafis ɗin, ku kalli kashi ɗaya na wanda kika fi so tare. In an zo wurin da ya ce "Shiga mota!", ki dakatar, ki tambaye ta ko mai gidanta ya taɓa yi mata irin wannan tsawar, da abin da ta yi a ranar. Ki rubuto min amsarta, ina son in ji.